Baƙar Wayar Da Na Kashe Ranar Asabar

Masu karatu, sati uku ke nan ina kawo muku labarin 'yata da mai nemanta, kuna ta sa mini albarka a ƙasan rubutu, wata ma ta ce da ma ni ne ubanta. Yau ku dakata da yabon. Akwai abin da na tsallake, kuma na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Ga wanda bai san mu ba, ni mai gyaran rediyo ne. Shagona a jikin gidana yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin gida. Karatuna bai yi nisa ba. 'Yata ta fari a shagon nan ta tashi. Tun tana shekara bakwai take riƙe mini dalma ina liƙa waya, har sunan ya bi ta, nake ce mata Dalma. 'Yan unguwa kuwa Injiniya suke kiranta, da farko da tsokana, yanzu da gaske.

Aikinta shi ne haɗa kwamfutoci su yi magana da juna daga nesa. A ajinsu su hamsin da huɗu ne, ita kaɗai ce mace. Kamfanin da ya ɗauke ta sai da ya yi wata biyu bai samo takalmin aiki daidai ƙafarta ba, safa uku take sawa ta cike na maza. Ta hau ƙarfen sabis, ta shiga rami ta ja waya, rana ta ƙona ta har mamarta ta daina saya mata man shafawa. Shekara takwas tana haka. Bara aka damƙa mata babban aiki: ta haɗa ƙananan asibitoci goma sha ɗaya na karkara da babban asibiti, yadda in an ɗauki hoton ƙirji ko na ciki a can, likita zai gan shi a nan kafin mara lafiya ya gama mai da rigarsa. Tare da aikin aka ba ta wata baƙar waya mai tsagaggen murfi. In layi ya yanke a ko'ina, wayar nan ce ke fara kuka, wani irin kuka mara daɗi kamar jiniyar motar asibiti. A kamfanin nan ba a taɓa ba mace ita ba.

Dalma tana da shekara talatin da ɗaya. Kun san abin da wannan yake nufi a gida irin nawa. Yayata, wadda yaran ke kira Gwaggo, ba ta shigowa ta fita ba ta soke ni ba.

"Kai ka lalata ta," take cewa. "'Ya'yan mutane suna goya 'yar tsana, kai ka miƙa wa taka sukundireba. Yanzu sai ka aurar da ita ga ƙarfen sabis ɗin, tunda shi ya fi kowa ganinta."

Ina dariya, amma in ta tafi maganar ba ta tafiya.

Sai Allah ya kawo Malam. Malamin sakandare ne, mai sanyin murya, in ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa. Dalma tana son sa, na gani a yadda take gyara mayafi in ta ji sallamarsa. Mahaifinsa ya rasu, kawunsa ne ke riƙe da maganar gidansu, kuma aka sa ranar Asabar da ƙarfe huɗu kawun zai zo ya gan mu, ya gan ta.

Ranar Juma'a da yamma ina cikin shago, saƙon Malam ya shigo wayata:

"Baba, barka da yamma. Alfarma nake nema. Wayar nan ta aiki, don Allah kar ta yi kuka a gaban Kawu. Da ma yana cewa matar da waya ke tayarwa daga zaune ba za ta zauna a gida ba. Awa ɗaya ce kawai. Kar ka gaya mata, ka san halinta."

Na karanta ya fi sau goma. Ban amsa ba, ban kuma goge ba.

Ranar Asabar gidan kamar ba namu ba. Maman Dalma ta wanke labule, ta fito da kofunan nan masu bakin zinari da ba a taɓa shan komai da su ba. Dalma ta sa doguwar riga ruwan toka mai aikin azurfa a wuya, da mayafi fari. Na daɗe ban gan ta ba rigar aiki ba. Na kalle ta, na ga mamarta ranar da na fara ganinta, sai na sunkuyar da kai.

Gwaggo ta karɓe wayar Dalma ta kashin kanta, ta rufe mata murya, ta tura ƙarƙashin matashi. Da ta kai hannu kan baƙar, Dalma ta riƙe.

"Wannan ba a taɓa ta, Gwaggo. Ni ce da jiran kiran gaggawa yau."

"Yau ma? Ba wanda zai karɓe ki?"

"Na nema. Mataimakina yana hanyar wani ƙauye, can ba sabis."

"To rigar nan ai ba aljihu. A ka za ki ɗora ta?"

Dalma ta yi dariya, ta kai wayar kan tagar da ke lungun shiga falo, ta sa ta a caji. "Daga nan zan ji ta," ta ce.

Baƙi suka iso. Ana cikin gaishe-gaishe na ce bari in rufe shago. Na bi ta lungu, na zare wayar daga caji, na zura a aljihu. Sai da na shiga shago na ja ƙofa, don na san tana ɗan ƙara in ana kashe ta. Na danna maɓallin gefe har fuskarta ta yi duhu.

Ku ji abin da ke raina a lokacin, ba don ku yafe mini ba. Shekara talatin ina kashe rediyo. In ka kashe akwati, tasha ba ta tsayawa. Mai karanta labarai yana can yana karatunsa, in ka kunna sai ka tarar da shi. Na ɗauka wayar ma haka take. Na ce awa ɗaya, duniya ba za ta tashi ba.

Na mai da ita kan taga, na shiga falo na zauna.

Kawun dattijo ne dogo, mai farin gilashi, mai maganar ɗaiɗai. Ya kurɓi shayi, ya dubi Dalma ta saman gilashin.

"An ce mini kina hawa ƙarfe."

"Da ina hawa, Kawu. Yanzu na fi tura wasu su hau."

"To a gidan miji wa za ki tura?"

Aka yi dariya, har da ni. Malam yana gefe yana murza hularsa. Dalma ta yi murmushi ta ce, "In ya yarda, shi zan tura." Kawun ma sai da ya dara. Hira ta yi daɗi, awa ɗaya ta zama kusan biyu. Amma ina lura da ita. Duk bayan ɗan lokaci sai ta ɗan karkata kai wajen lungu, kamar uwar da ta kwantar da jariri a ɗaki. Da ta ji shiru sai kafaɗarta ta sauka.

Shida saura kwata aka buga ƙofar gida da ƙarfi. Direban kamfani ne, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ina Injiniya? Tun ɗazu ake kira! Asibiti biyar ba layi!"

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta yi lungu da gudu, ta ɗauki wayar, ta dube ta a kashe. Ta zura ƙafa cikin takalmin aiki da doguwar rigarta, ta tattare mayafi, ta ɗauki hular kwano da jakar kwamfuta, ta wuce ta gaban Kawu tana cewa, "A gafarce ni." Abin da na yi don kar ya ji, sai ga shi ya gani da idonsa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Motar tonon ƙasa ce ta tsinke babbar wayar layin da aka binne a bakin wata hanya. Dalma ta riga ta gina hanya ta biyu ta kan ƙarafunan sabis saboda irin wannan rana, amma ana kan gwada ta, ba mai ikon juya layi kanta sai ita. Da ta ji kukan wayar, aikin minti biyar ne daga inda take zaune. Sai da aka yi awa ɗaya da minti arba'in. A ɗaya daga cikin asibitocin akwai mace mai naƙuda da abin ya zo mata da gardama. An ɗauki hoto, ba hanyar turawa, sai aka sa ta a mota aka bi da ita mummunar hanya zuwa babban asibiti. Allah ya kiyaye, ta rayu, jaririyar ma ta rayu. Amma da kaɗan.

Washegari da safe muna karyawa, na buɗe baki na ƙara wa laifina ƙarya.

"Jiya an ɗan ɗauke wuta. Ko caji ne ya ƙare mata?"

Ta ɗago ta dube ni, kallon da ban gane ba a lokacin. "Wataƙila, Baba," ta ce, ta ci gaba da juya shayinta.

Ranar Litinin aka karɓe baƙar wayar daga hannunta, aka ce ta zo Alhamis ta yi bayani gaban shugabanni. In bayanin bai gamsar ba, za a ɗauke ta daga aikin asibitocin a ba wani. Na ji tana gaya wa mamarta a kicin, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba faɗan oga ne ya dame ni ba, Mama. Wani ne ya ce a bayana, ai da ma an faɗa, mace in aure ya zo waya sai ta mutu. Tun da aka ba ni ita ban taɓa barin ta yi kuka sau uku ba."

Na koma shago na zauna gaban wata rediyo da na buɗe tun safe. Har azahar ban ɗaura ko waya ɗaya ba.

Ranar Talata saƙon Malam ya sake shigowa:

"Baba, na ji abin da ya faru. Allah ya sa haka ne mafi alheri. In sun karɓe aikin, Kawu ba shi da sauran magana, ita ma ta huta. Mu bar abin tsakaninmu."

Masu karatu, a nan ne idona ya buɗe. Ni tsoro ne ya sa ni, tsoron kar 'yata ta tsufa a ɗakinta. Shi kuwa murna yake yi.

Alhamis da safe ta shigo shago ta gaishe ni kamar kullum. Ta sa rigar aiki mai ratsin ƙyalli a kan baƙar doguwar riga, katin aiki a wuya, takarda a hannu. Na ce ta karanta mini abin da ta rubuta. Ta buɗe takardar ta karanta.

"Wayar jira tana kashe daga ƙarfe huɗu da minti goma sha ɗaya zuwa shida saura kwata. A hannuna aka ba da ita. Alhakin nawa ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Na riƙe bakin tebur. "Dalma, ba caji ba ne. Ni na kashe ta."

Na zaci za ta zabura, ko ta fashe da kuka. Sai ta jawo kujerar da take zama a kai tun tana ƙarama, ta zauna.

"Na sani."

"Kin sani? Wa ya gan ni?"

Ta nuna saman kantar da nake jera batura. Akwai wani ɗan farin akwati mai ƙyafta koriyar fitila da ta kafa mini shekara biyu da suka wuce, don in riƙa samun intanet a shago. Akwai irinsa a falo.

"Akwatunan nan suna rubuta duk wayar da ta kama su, da lokacin. Na duba tun ranar Lahadi da asuba. Huɗu da minti tara wayar ta saki na falo. Huɗu da minti goma ta kama na shago. Huɗu da minti sha ɗaya ta mutu, cajinta kusan cike. Mutum ɗaya ne ke da makullin shagon nan." Ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Baba, aikina ke nan. In layi ya yanke, in bi shi har in gano wurin."

Kwana huɗu tana kawo mini shayi, tana durƙusawa tana gaishe ni, tana sane. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In ce musu me? Babana ne? Su ce ga shi nan, ko gidansu ba a yarda da aikin ba." Ta dube ni. "Abu ɗaya ne ban gano ba. Akwatin yana faɗin lokaci, ba ya faɗin dalili. Kai ka koya mini riƙe dalma. Kai ka raka ni makaranta ranar farko, ka tsaya bakin ƙofa har aka tashi. Me ya sa?"

Na ciro wayata, na buɗe saƙonnin biyu, na miƙa mata. Ta karanta na farko. Ta karanta na biyu, ta daɗe a kansa. Sannan ta ajiye wayar a kan tebur a hankali, kamar abin da zai fashe.

"Ba don in sauke laifi a kansa na nuna miki ba," na ce. "Shi ya roƙa, amma yatsana ne ya danna. Tashi mu tafi."

"Ina?"

"Ofishinku."

"Baba, ba a zuwa da uba wurin nan. Ba makarantar firamare ba ce."

"To yau za a fara. Ke ma ai ba a zuwa da mace, kika je."

Ban taɓa shiga wurin aikinta ba sai ran nan. Muka wuce wani ɗaki mai ƙofar gilashi, sanyi na fitowa ta ƙasanta, cike da dogayen akwatunan ƙarfe masu ƙyafta fitilu. Wayoyi ɗaruruwa, shuɗi da rawaya, an ɗaure su tsaf kamar kitso, kowace da 'yar takarda a wuyanta. Na matsa na duba. Rubutun hannunta ne. Haka nake yi wa wayoyin rediyo kafin in kwance su, don kar in manta mazauninsu. Ban san ta ɗauka ba.

Mutum uku ne a ɗakin taron: ogansu, wata mata mai kula da ma'aikata, da wani dattijon injiniya mai furfura. Baƙar wayar tana tsakiyar tebur. Ogan ya dube ni, ya dubi Dalma.

"Wannan fa?"

"Mahaifina ne, ranka ya daɗe. Na hana shi, ya ƙi."

Na cire hula na riƙe a hannu. Na faɗa musu komai, ban da sunan wanda ya roƙe ni. Na faɗi baƙin, da rigar da ba aljihu, da taga, da shago, da maganar rediyo da tasha. Da na zo nan dattijon ya rufe fuska da tafin hannu, ban sani ba ko dariya yake ɓoyewa ko takaici.

"Baba," ya ce, "a wannan aikin, 'yarka ita ce tashar."

"Yanzu na sani," na ce. "Matar nan mai naƙuda, da ta mutu, a wuyana take. In akwai hukunci, ga ni. Amma yarinyar nan ba ta saki aikinku don aure ba. Tana gaban baƙi kunnenta yana kan wayarku, da idona na gani."

Ogan ya juya wajenta. "Me ya sa ba ki rubuta haka ba?"

"Don ba shi ne asalin matsalar ba, ranka ya daɗe," ta ce. Muryarta ta koma ta aiki, ba rawa. "Na ajiye wayar inda hannu zai kai gare ta, wannan laifina ne, na karɓa. Amma na gina wa asibitoci hanya biyu, na bar kiran gaggawa a kan waya ɗaya da mutum ɗaya. Yau babana ne. Gobe waya ce za ta faɗa ruwa, ko ni in kwanta ciwo. Ga shafi na biyu, na tsara yadda kira zai wuce ga mutum uku, kuma layi ya juya da kansa."

Suka ce mu jira a waje. Muka zauna kan benci. Na ga hannunta a kan gwiwarta, na rasa ko ina da ikon riƙe shi. Ban riƙe ba.

Da aka kira mu, ogan ya ce za a sa mata takardar gargaɗi a fayil, kuma ba za a cire ba. Wannan tabon ni na yi mata, zai bi ta duk inda ta je. Sannan dattijon ya sa yatsa biyu ya turo baƙar wayar a kan tebur har ta tsaya a gabanta.

"Sati biyu muka ba ki ki gama shafi na biyun nan, Injiniya," ya ce. "Kuma a ɗinka wa rigar kwalliya aljihu."

Ta ɗauka, ta kunna, ta jira har fuskarta ta yi haske, ta sa a aljihun ƙirji ta ja zif.

Muna fitowa bakin titi, rana ta take, ɗaya wayar tata ta kama ruri a jaka. Ta ciro. Na hango sunan Malam a jiki, da 'yar jar zuciyar da ta sa a gefensa. Ta tsaya tana kallo har ta katse. Ta sake kamawa. Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba.

Sai ta kamo hannuna, ta buɗe tafin, ta ɗora mini wayar tana ta ruri.

"Baba," ta ce, "wannan ce ake kashewa."